Doka na nan, mu ne muka yi shiru

A Janairun 2019 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, kuma kowace makarantar gwamnati ta tanadi aƙalla ma'aikaci ɗaya da ya ƙware wajen kula da su. Gine-ginen gwamnati kuwa shekara biyar aka ba su su gyara hanyar shigar keken guragu. Wa'adin ya cika tun 2024.

To, jama'a, a nan Borokiri iyaye nawa ne suka taɓa zuwa wurin hedimasta da wannan magana? Yaro bai iya magana sosai, ko ƙafa ta shanye, sai a ce ƙaddara ce, a zaunar da shi a gida. Wani ma a tura shi bara bakin masallaci ranar Juma'a. Ƙaddara gaskiya ce, amma neman magani ma umarni ne. Gashin ƙashi da koyar da magana aiki ne na kowane mako, kuma uwa ɗaya ba za ta iya jigilar asibitin koyarwa na Fatakwal kullum ba.

Mu malamai ma da laifinmu. Muna karanta Suratu Abasa, muna ba da labarin Ibn Ummi Maktum, makahon da ya zama ladanin Manzon Allah (SAW), amma Islamiyyarmu ba ta da malami ko ɗaya mai iya maganar kurame.

Iyaye su haɗu, Sarkin Hausawa ya shige gaba, a rubuta takarda da sunayen yaran a kai ma'aikatar ilimi ta Jihar Ribas.