Muryoyin «Jan Mutum» a Ajin Jami'a: Sharhi a kan Littafin Svetlana Alexievitch

A zamanin Yaƙin Cacar Baka, jami'o'in Turai da Amurka sun buɗe sassa na musamman domin nazarin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, kamar cibiyar nazarin Rasha da jami'ar Columbia ta kafa a 1946. Da Tarayyar ta wargaje a watan Disamba na 1991, sai waɗannan sassa suka wayi gari babu abin da aka kafa su dominsa. Da yawa daga cikinsu suka koma auna tafiyar kowace ƙasa daga tsarin gurguzu zuwa dimokuraɗiyya da jari-hujja, kamar dai hanyar guda ce kuma masauki guda. Tarihi bai gaskata wannan zato ba: Polan ta shiga Tarayyar Turai a 2004, Belarus kuwa ta faɗa hannun Alexandre Loukachenko tun 1994.

Abin da wannan ma'auni ya kasa kamawa shi ne halin da mutane suka shiga. A nan littafin Svetlana Alexievitch, wanda ya fito a 2013, aka fassara shi da Faransanci da sunan La Fin de l'homme rouge, ya cancanci gurbi a manhajar jami'a. Marubuciyar ƴar ƙasar Belarus ce, an haife ta a Yukren a 1948, tana rubutu da harshen Rashanci, kuma ta samu kyautar Nobel ta adabi a 2015. Ta shafe shekaru ashirin, daga 1991 zuwa 2012, tana ɗaukar maganar talakawa da tsofaffin jami'an jam'iyya da waɗanda suka yi zaman sansanin gwale-gwale, sau da yawa a cikin ɗakin girki, inda mutanen Sobiyet suka saba faɗin abin da ba a faɗi a waje.

Ɗalibin tattalin arziki ya san cewa an saki farashin kaya a Rasha a watan Janairu na 1992, kuma tsadar rayuwa ta cinye ajiyar da jama'a suka daɗe suna tarawa. Littafin yana nuna masa fuskar wannan lissafi: masu ilimi mai zurfi da suka koma kasa kaya a bakin titi, da dattawan da suka ga ƴaƴansu na yi wa abin da suka bauta wa dariya. Akwai labarin Marshal Akhromeïev, wanda ya kashe kansa a watan Agusta na 1991 bayan yunƙurin juyin mulki ya ci tura, da labarin wata Ba'armeniya ta birnin Baku mai auren ɗan Azarbaijan, wadda rikicin ƙabilanci ya raba da gidanta. Ƙarfin littafin shi ne bai yanke wa kowa hukunci ba. Wanda aka zalunta da wanda ke kewar tsohon tsari suna magana kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci ma mutum guda ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

To amma malami ya yi hattara. Littafin ba kundin tarihi ba ne. Marubuciyar tana zaɓe, tana yankewa, tana jera muryoyin yadda za su yi amo guda, tambayoyinta kuma ba kasafai suke bayyana ba. Manazarta sun nuna cewa wasu shaidu a littattafanta na baya sun sauya daga bugu zuwa bugu, kuma a 1993 wasu da ta yi hira da su a kan yaƙin Afganistan sun kai ta kotu a birnin Minsk. Bugu da ƙari, baƙin ciki ya rinjayi littafin, har mai karatu zai iya zaton babu wanda ya ci ribar sauyin, alhali a ƙasashen Baltik shekarar 1991 shekarar ƴanci ce. Wanda ya ɗauki muryar Mosko da Minsk a matsayin muryar Prag ko Warso ya maimaita kuskuren waɗanda suka zuba ƙasashen a kwando guda.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga malaman Nijar. Cibiyar CELHTO ta Yamai ta daɗe tana tattara tarihin baka, kuma masu wannan aiki sun san cewa maganar dattijo shaida ce da ake gwadawa da wata shaida, ana tambayar wa ya faɗa, wa ya ɗauka, wa ya gyara. Haka ya kamata a karanta Alexievitch: a ajiye ta gefen alƙaluman tattalin arziki da takardun tarihi, kowane na gyara ɗan'uwansa. Ɗalibin da aka koyar ta wannan hanya zai gane dalilin da ya sa miliyoyin mutane suka yi makokin tsarin da ya danne su, kuma zai fi fahimtar tushen yaƙin da Rasha ta faɗaɗa a Yukren a 2022.