Tsokaci a Kan Koyar da Tsarin Samar da Kaya da Safararsu: Misali Daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin duba yadda muke koyar da darasin tsara samar da kaya, wanda reshe ne na ilmin safarar kaya da adana su. Ra'ayinmu shi ne, darasin bai dace da ƙasar da ɗalibanmu za su yi aiki a cikinta ba.

Galibin misalan da muke bayarwa a aji daga masana'antun ƙetare suke. Alal misali, mukan yaba tsarin kamfanin Toyota na Japan, wanda ya ginu a kan kada a tara kaya a sito, sai dai a kawo su daidai lokacin bukata. Wannan dabara tana da kyau, amma fa ta dogara ne a kan tabbatacciyar hanya, da wutar lantarki, da aikin da ba ya yankewa duk shekara.

To, a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa al'amarin ba haka yake ba. Masara da dawa da auduga sau ɗaya suke zuwa, wato da kaka, alhali kuwa bukatarsu ta shekara ce. Saboda haka ajiya a nan ba asara ba ce, ita ce ginshiƙin tsarin baki ɗaya. Ɗalibin da aka koya wa ƙin ajiya, ina zai sa rumbu a lissafinsa?

Abin mamaki shi ne, misalan da muke bukata suna ƙofar gidanmu. Na farko, Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya haɗa raba taki da iri da gina hanyoyin karkara, domin takin da ya iso bayan shuka ta yi nisa amfaninsa kaɗan ne. Na biyu, da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, ciki har da ta auduga, sai tantance auduga da raba iri suka raunana, ingancinta ya ragu. Na uku, a 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya saboda hare-haren 'yan bindiga, ta ce su zagaya ta Funtuwa, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni. Wannan zagaye ya ƙara kuɗin mai da na mota a kan kowane buhu.

Ba muna cewa a watsar da lissafin da ke cikin littattafai ba ne, don kuwa ƙididdige bukata da auna tsadar ajiya wajibi ne a ko'ina. Abin da muke kira a kai shi ne a sauya mafari. A tura ɗalibi ya bi buhun masara ɗaya daga gona a Sabuwa zuwa kasuwar Dandume, ya rubuta ladar 'yan dako, da la'adar dillali, da kuɗin mota, da abin da ƙwari suka ci a sito. Bayan nan sai a kawo masa Toyota, ya kwatanta da kansa. In ba haka ba, za mu ci gaba da yaye ɗaliban da suka haddace tsarin Japan, amma manomin garinsu ya fi su sanin ranar da ya kamata a fitar da hatsi.