Majalisar 'Yan Kallo da Ƙungiyar da Ake Sake Ginawa

A Wurno da Rabah da Goronyo, hirar ƙwallo tana da wuraren zamanta kamar yadda kowace sana'a take da rumfarta: gidan kallo mai janareto da bencina, teburin mai shayi, bakin tasha, da majalisar matasa bayan sallar isha'i. Duk wanda ya saba zama a waɗannan wurare ya san cewa ranar da ƙungiya ta ci kofi hirar ba ta da tsawo. Ihu ne da tsokana, sai kowa ya watse. Hirar da take cin makonni, har ta raba abokai gida biyu, ita ce ta ƙungiyar da ta faɗi aka ce ana sake gina ta. A nan ake jin hujja da tarihi da lissafi da zambo. Ina ganin wannan muhawara ta cancanci a yi nazarinta kamar sauran maganganun fatar baki, domin tana da tsarinta, tana da gwanayenta, kuma tana da gurbin da ta gaza.

Ba ƙwallo ce ta koya wa mutanen gabashin Sakkwato kallon wasa ba. Tun kafin talabijin, da zarar an kawar da amfanin gona ake buɗe fagen kokawa da dambe, kuma ɗan kallo a wannan fage yana da aiki. Shi ke zuga, shi ke yi wa gwani kari, shi ke ɗaukar labarin kaye ya kai ƙauyen da ba su zo ba. Waƙoƙin da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago sun rayu ne saboda akwai jama'ar da ta iya sauraron labarin jarumi tana tantance shi. A tsallaken iyaka kuma, kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya lashe, ta daɗe tana shigowa ta rediyo. Abin da wannan gado ya bar wa mai sharhi shi ne ido mai kaifi wajen karanta mutum guda: ƙarfinsa, zuciyarsa, lokacin da ƙafarsa ta fara rawa. A kokawa wanda ya faɗi shi ya faɗi, babu wani na uku da za a tuhuma sai dai a ce an yi masa asiri.

Da wannan ido aka shigo kallon ƙwallo, kuma shi ya sa kalmar farko da ake ji idan ƙungiya ta shiga mawuyacin hali ita ce a kori koci. "Wanga mutum bai iya ba, mi anka aje shi yi?" Mai wannan magana yakan fi kowa murya, kuma yakan fi kowa samun mabiya, saboda ya ba jama'a fuskar da za su nuna da yatsa. Kusa da shi akwai mai cewa a yi haƙuri, "yaran ga sabbi na, a ba su lokaci." Shi wannan kullum a takure yake, domin hujjarsa tana gaba, ba a gan ta ba tukuna, alhali sakamakon jiya yana hannun abokin gardamarsa. Dattijon majalisa kuwa ba ya shiga tsakaninsu kai tsaye. Sai ya koma baya ya jero sunayen waɗanda suka buga a da, ya nuna cewa na yanzu ba su kai su share musu takalmi ba. A 'yan shekarun nan an sami sabon baki, yaro mai waya a hannu, wanda ya san shekarun kowane ɗan wasa da kuɗin da aka saye shi da ranar da kwantiraginsa zai ƙare. Zuwansa ya canja hirar ƙwarai, don yanzu ba a iya faɗin abu da ka a wuce lafiya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda wannan majalisa ta koyi haƙuri a kan ƙungiyoyin Ingila. Magoya bayan Arsenal sun ga Mikel Arteta ya karɓi aiki a Disamba 2019, ƙungiyar ta ƙare ta takwas sau biyu a jere, ya sallami manyan 'yan wasa irin su Ozil da Aubameyang, ya ɗora nauyi a kan Saka da takwarorinsa, sannan ta zo ta biyu a 2023 da 2024 da 2025. Duk wannan tafiya an bi ta daki-daki a gidajen kallo. An yi gardama a kan ko matashi ya kamata a saya ko gogagge, ko mai ƙungiya yana sakin kuɗi, ko makarantar horar da yara tana haihuwa. Magoya bayan Manchester United kuma, tun da Ferguson ya ajiye aiki a 2013, sun ga an canja koci bayan koci ba ta sake zani ba, har da yawansu suka gane da kansu cewa ciwon ya wuce benci, yana can sama wajen masu mallaka. Wato majalisar da ta fara da neman mutum guda ta iya kaiwa ga tuhumar tsari. Wannan ci gaba ne na tunani, kuma a kan benci aka yi shi, ba a aji ba.

Akwai ƙasar da aka mayar da irin wannan haƙuri doka. A wasan besbol na Amurka ƙungiya ba ta faɗuwa zuwa rukuni na ƙasa, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ake fifitawa wajen zaɓen sabbin matasa. Houston Astros ta sha kaye fiye da sau 100 a kowace kaka daga 2011 zuwa 2013, ta tara yara, ta ɗauki kofin ƙasar a 2017. Mai goyon bayan irin wannan ƙungiya yana iya kallon rashin nasara a matsayin jari, hirarsa ta koma kan yaran da ke tasowa a ƙananan rukunoni. A wurinmu babu wannan rangwame. Wanda ya ƙare a ƙasan tebur ya tafi, kuma babu mai ba shi tukuicin faɗuwa.

Kano Pillars ce ta nuna wa Arewa haka. Ƙungiyar da aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, ta sake cin gasar ƙasa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019. Sai ga ta a 2022 ta faɗi zuwa rukuni na biyu, tare da Katsina United. A cikin wannan kaka ne, a watan Afrilu, rikici ya tashi a filin wasa na Sani Abaca lokacin karawar ƙungiyoyin biyu, aka farfasa motar baƙi, aka yanke wa Pillars maki uku. A nan ɗan kallo ya tashi daga mai sharhi ya zama ɗaya daga cikin dalilan faɗuwar, kuma wannan magana ce da majalisa ba ta son a tayar. An fi jin daɗin zagin alƙalin wasa da shugabanni. Laifinsu yana nan, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Pillars ta dawo a 2023 bayan kaka ɗaya. Dawowar Ahmed Musa a 2024, da naɗa shi babban manaja a 2025, ta ba masu hira abin da suka fi so, wato gwarzo guda da za a rataya wa fata. Mutumin ya cancanci ƙauna. Shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Nijeriya a 2010 yana sanye da rigar Pillars kafin ya tafi Turai, kuma ya dawo gida da ƙafarsa. Sai dai tambayar da ta dace da ƙungiyar da ake sake ginawa ita ce wa zai gaji Rabi'u Ali, wanda ya yi shekara da shekaru yana ɗauke da ita, kuma a ina ake renon wannan magaji. Ba kasafai ake jin wannan tambaya ba.

Idan aka juyo gida kuwa, sai murya ta yi ƙasa. Sokoto United tana nan, filin Giginya yana nan, daga Wurno ko Rabah tafiyar ba ta kai a kira ta nisa ba. Ta shafe shekaru tana fafutukar hawa daga rukuni na biyu. Amma matashin da zai jero maka 'yan benci na Chelsea sau da yawa ba zai iya kawo sunan mai tsaron gidan ƙungiyar jiharsa ba. Kuma ba don ƙasar ba ta haihuwa ba ne. Shehu Abdullahi a Sakkwato aka haife shi, ya bi ta Sokoto United da Pillars, ya samo lambar tagulla a gasar Olamfik ta 2016, ya je gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018. Idan hira ta biyo ta kan ƙungiyar gida, jimla ɗaya ce take rufe ta: "Gwamnati ta sa kuɗi, shi ke nan."

Ban ɗauki wannan shiru a matsayin rashin kishi ba. Ɗan kallo yana da hankali, kuma ya lura da wani abu na gaskiya. Mafi yawan ƙungiyoyin Nijeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne. Ana naɗa hukumar gudanarwa da sanarwa, ana rushe ta da sanarwa, wani lokaci don an sami sabon gwamna ko sabon kwamishina. Ɗan wasa yakan sa hannu na kaka ɗaya, koken bashin albashi da alawus kuma ya zama ruwan dare a gasar. Ana kiran gwaji makonni kaɗan kafin a fara kaka, a tara mutane daga ko'ina, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. A irin wannan yanayi, wanda ya ce a ba yara shekara uku yana roƙon abin da babu mai ikon alkawarta shi, domin shi kansa shugaban bai san ko zai kai baɗi ba. Haƙurin da ake yi wa Arsenal yana da madogara: an san mai ita, an san tsawon kwantiragin koci, ana ganin yaran a talabijin tun suna ƙanana. Gida babu ko ɗaya daga ciki da ɗan kallo zai riƙe.

Duk da haka, a nan nake ganin majalisa ta gaza. Manomin albasa na fadamar Wurno ya san cewa ba a zuwa kasuwa a sayo gona da ta nuna. Ana zuba iri a fage, a yi ta ban ruwa, a cire a dasa, kuma wanda bai kula da fagen iri ba ya san tun da wuri abin da zai samu ranar cira. Mutanen da suka san wannan a aikinsu na yau da kullum su ne ya kamata su fi kowa tambayar ina ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 15, wa ke horar da ita, wa ke zagayawa ƙananan hukumomi neman yara. Kuma an riga an nuna cewa abin yana yiwuwa a ƙasar nan. Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun, wadda Kunle Soname ya kafa, ta faɗi a 2017, ta sake faɗuwa a 2019, ba a watsar da ita ba. An gina fili, an riƙe makarantar yara ta Beyond Limits, an bar koci Daniel Ogunmodede ya yi aikinsa. Ta dawo a 2021, ta zo ta biyu a 2023 da 2024, ta ci gasar a 2025. Labarin ya fi kusa da mu a kan na Arsenal, amma ba a ba shi rabin lokacin da ake ba wancan ba.

Dole kuma a yi wa gabashin Sakkwato adalci, domin akwai nauyin da majalisar Kano ba ta ɗauke da shi. Harin da aka kai kasuwar Goronyo a Oktoba 2021 ya ci rayuka da dama, kuma a shekarar an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da yawa na jihar, har da Rabah da Goronyo. Inda hanya ba ta da aminci, ƙungiyar ƙauye ba ta zuwa wasan sada zumunta a ƙauyen gaba, mai neman yara daga birni ba ya shigowa, mai gidan kallo yana rufewa da wuri. Gasar unguwanni da kofunan da 'yan siyasa suke sakawa lokaci-lokaci su ne kaɗai tagar da yaro mai baiwa yake da ita, su ma sukan zo ne gab da zaɓe su ɓace bayansa. Kocin unguwa, wanda yake sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa, yana ɗinke raga da hannunsa, yana lallashin iyaye su bar yaro ya zo atisaye bayan makarantar allo, shi ne yake yin ainihin aikin ginin, kuma sunansa ba ya shiga muhawara.

Ƙarfin majalisa ba ƙarami ba ne. Maganar da aka tafka a teburin mai shayi ita ce take shiga shirye-shiryen wasanni na rediyo ta wayar masu kira, ta hau Facebook da WhatsApp, ta isa kunnen kansila da ciyaman da ɗan majalisa, waɗanda su ma 'yan kallo ne. Idan ta iya sa a ji kunyar riƙe kocin da ya sha kashi sau huɗu, za ta iya sa a ji kunyar filin makarantar da aka yanka aka yi shaguna, da gasar ƙaramar hukuma da ba ta da ranar farawa, da yaran da aka kai gwaji Sakkwato aka dawo da su babu wanda ya rubuta sunayensu. Yaron nan mai waya, wanda ya haddace kwantiragin 'yan wasan Turai, shi ya fi dacewa ya fara ajiye lissafin wanda ya ci ƙwallo a wasan Wurno da Achida, da shekarunsa, da inda ya koma bayan kaka biyu.