«Zancen ƙasa ne»: nazarin wani taken siyasa tsakanin baki da rubutu

1. Gabatarwa

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya kawo Janar Abdourahamane Tiani da majalisar CNSP bisa mulki, wani take ya bazu cikin Nijar, a tarurruka, bisa ƙyallaye da kuma shafunan Facebook. Take ne mai harshe biyu: laabu sanni no da Zabarmanci, zancen ƙasa ne da Hausa. A wannan maƙala za mu duba ginin kashin Hausar, da yadda ake furta shi, da yadda ake rubuta shi. Mun ɗauki Bambeye, kusa da Tawa, a matsayin ma'auni, domin Adaranci ake yi a can.

2. Ginin taken

Ƙarfin taken yana cikin kalmar ƙasa. Ita ce turɓayar da ake nomawa, ita ce kuma ƙasar da ke da tuta da iyaka. Manomin gero da ɗan boko kowa yana jin abin da ya shafe shi. Kalmar laabu ta Zabarmanci ma tana ɗauke da ma'anonin nan biyu, abin da ya sa kashi biyun suka dace gaɓa da gaɓa: suna biyu, sannan dirka. Babu aikatau, babu lokaci, babu mai aikatawa. Jimla irin wannan tana rufe gardama: in an ce abu zancen ƙasa ne, wanda ya ja da shi ya zama kamar ya ja da ƙasa. Nan gwanintarta take, nan kuma ya kamata mai sauraro ya yi hattara.

3. Dirkar wa?

Dirkar taken ta daidaitacciyar Hausa ce, wadda aka gina bisa karin Kano. A Adar, kamar yadda Bernard Caron ya bayyana cikin Le haoussa de l'Ader (1991), na da ta ake amfani da su a gurbin ne da ce:

(1) zancen ƙasa ne (daidaitacciya)
(2) zancen ƙasa na (Adaranci)

Ke nan dattijon Bambeye da ya maimaita (1) aron kari ya yi. Amma kunnensa ya riga ya saba. Gidajen rediyon waje sun share hanya, sannan finafinan bidiyo na Kano, tun daga Turmin Danya (1990), sun shigar da ne da ce har cikin ɗakunan mata. Abin lura shi ne Tawa tana da nata tarihin silima: a can Moustapha Alassane ya zauna shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015. Shi kuwa a Bon voyage Sim (1966) da zanen kwaɗi ya yi wa bukukuwan shugabanni ba'a, hanyar da ba ta tilasta ma kowa karin wani.

4. Matsalar rubutu

A intanet, siffar da muka fi cin karo da ita ita ce:

(3) zantchen kassa né

Kowane ɓangare na (3) daga lakwal ta Faransanci ya fito. An sa tch a gurbin c. An ninka s domin kada mai karatun Faransanci ya furta z tsakanin wasula biyu, alhali a Hausa ninka baƙi yana sauya kalma. Mafi muni, ƙugiyar ƙ ta faɗi. In aka cire ta, kasa na iya zama macijiya, ko gazawa, ko kasa kaya a kasuwa. Taken kishin ƙasa da za a iya karantawa «zancen gazawa» ya cancanci a gyara shi.

Ƙa'ida ba ta ɓace ba. An yi taron Bamako a 1966, an buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, an kuma tsaida ƙa'idojin rubutun Hausar Nijar a 1999. Wayoyin zamani suna da harrufan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Abin da ya yi ƙaranci shi ne waɗanda aka koya ma. Shi ya sa ɗan Adar da ya tafi biɗa Abijan yake aiko ma gida saƙon murya ta WhatsApp: a can Adarancinsa yana fita cikakke, ba tare da shingen harafi ba.

5. Kammalawa

A watan Maris 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Misali na (3) yana nuna tazarar da ke tsakanin doka da hannun mai rubutu. Muna ganin aiki uku na jiran masana: koyar da ƙa'idar 1999 ga ƴan jarida da masu rubuta ƙyallaye, tattara kare-karen harshe irin Adaranci domin daidaitawa kada ta zama shafewa, da tuna cewa taken nan da harshe biyu ya samu karɓuwa. Ɗaukaka Hausa bai kamata ya sa a manta da laabu ba.