Aron Murya: Zambon Ƙasar Hausa da Rubutun Jonathan Swift

Zambo, wato siffanta mutum da aibinsa na jiki ko na hali domin a zubar masa da girma a bainar jama'a, tsohon makami ne a hannun makaɗan fada, kuma yana tafiya tare da habaici, wanda shi ba ya kama suna, sai dai ya bar mai kaza a aljihu ya kasa jimirin as. A jihar Maraɗi, inda sarautun Katsina da Gobir suka sake kafuwa bayan jihadin ƙarni na 19, Katsinawa a Maraɗi da Tasawa, Gobirawa kuma a Tsibiri, kunnen jama'a ya daɗe da sabawa da wannan salo. Sai dai zambon fada yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, domin makaɗi yana cin abinci ne a hannun ubangidansa, saboda haka bakinsa kan sauka a kan ɗan sarkin da ya nemi sarauta ya rasa, ko bafaden da ya hana kyauta, ba a kan mai riƙe da mulki ba.

Hanyar da zambo kan bi ya hau sama a al'adar Hausa ita ce aron murya, wato mai suka ya shiga rigar wanda yake suka, ya yi magana da bakinsa, har aibin ya fito da kansa. Ɗan kama yakan ɗauki karin muryar malami mai wa'azi, da natsuwarsa da gyaran muryarsa, amma ya cika karatun da tuwo da miya da nama, ta yadda mai sauraro zai yi dariya, sa'annan ya tuna da malamin da cikinsa ya fi damunsa a kan karatunsa. Haka yaran da ke tashe daga goma ga watan azumi, a Tasawa da Mayahi kamar sauran garuruwan Hausa, sukan liƙa gemun auduga su dogara sanda, ko su kwaikwayi mai tallar magani da ke alkawarin warkar da kowace cuta. Ana yafe musu abin da ba za a yafe wa babba ba, amma izinin na ɗan lokaci ne, yana ƙarewa da ƙarewar watan.

A rubuce, da wuya a sami wanda ya kai wannan dabara inda Jonathan Swift ya kai ta. An haife shi a birnin Dablin na ƙasar Ailan a 1667, ya yi karatu a kwalejin Trinity, kuma daga 1713 har rasuwarsa a 1745 shi ne shugaban limaman majami'ar Saint Patrick, a zamanin da Ingila ke juya tattalin arzikin Ailan yadda ta so. A 1724, bayan da aka ba wani Bature ɗan Ingila mai suna William Wood izinin buga wa Ailan kuɗin tagulla, Swift ya fitar da jerin wasiƙu da sunan wani mai sayar da yadi, yana bayyana wa talakawa cikin harshen kasuwa asarar da za su yi idan suka karɓi kuɗin. Hukuma ta sa ladan fam 300 ga duk wanda ya tona marubucin, ba wanda ya tona shi, kuma a 1725 aka janye izinin. Littafinsa na tafiye-tafiyen Gulliver, wanda ya fito a 1726, ya fi shahara, har ana ba yara shi kamar tatsuniya, alhali yaƙin da ƙananan mutanen cikinsa ke yi a kan ta wane gefe ya kamata a fasa ƙwai zambo ne ga rikicin ɗariƙun Kirista na Turai.

Ƙasidarsa ta 1729, A Modest Proposal, ita ce ta fi cancantar nazarin mai karatu na wannan yanki. An rubuta ta bayan shekaru na rashin amfanin gona, lokacin da mata masu bara da 'ya'yansu suka cika titunan Dablin, masu filaye kuwa da yawansu suna zaune a Ingila suna karɓar kuɗin haya. Swift bai yi kuka da muryarsa ba. Ya ari bakin wani masanin tsare-tsare mai sanyin rai, wanda ya lissafa yawan jarirai da nauyinsu da kuɗin renonsu, sa'annan ya ba da shawarar a riƙa sayar da 'yan shekara ɗaya ga masu hali a matsayin nama. Babu inda mai maganar ya ɗaga murya, kuma wannan sanyin shi ne tuhumar, domin ya nuna inda lissafi ke kai mutum idan ya daina ganin talaka a matsayin ɗan Adam. Wanda ya ga shekarar 2005 a Tasawa da Mayahi, lokacin da hatsi ke jibge a kasuwa amma farashin tiya ya fi ƙarfin manomin da ya noma shi, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika, hukumomi kuma suna jayayya a kan ko abin ya isa a kira shi yunwa, ba ya bukatar a fassara masa wannan murya.

Bambancin da ke tsakanin al'adun biyu yana ga abin da ke kare mai suka. Ɗan kama da yaron tashe al'ada ce ke kare su, fuskarsu a buɗe, kowa ya san ɗan gidan wane ne, shi ya sa sukarsu kan tsaya a kan hali, kamar rowa da kwaɗayi da ƙarya, ba ta cika taɓa haraji ko farashin hatsi ba. Swift ɓoye suna da injin ɗab'i suka kare shi, tare da jama'ar Dablin da suka san shi suka yi shiru, kuma wannan ne ya ba shi damar yi wa tsarin mulki gaba ɗaya zambo, tun daga dokokin ciniki har zuwa masu filayen da ba su taɓa taka gonakinsu ba.