Daƙiƙa Goma Sha Biyar a Bakin Robar Jijiya

Yaron da ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman, ƙofofin jikinsa a buɗe suke. Ga robar maƙogwaro mai kai masa iska, ga ta fitsari, ga kuma siririyar da aka zura ta babbar jijiyar wuya har kusa da zuciya. Kowacce hanya ce da ƙwayar cuta za ta bi ta shiga ba sallama. Ƙwayoyin ɗakin nan kuwa sun sha magani har sun saba. Wasu Klebsiella da Acinetobacter sun daina jin carbapenem, maganin da likitoci ke ajiyewa don ranar da sauran suka gaza, kuma Acinetobacter kan yi makonni a kan busasshen ƙarfen gado tana jiran hannun da zai ɗauke ta.

Dubi ƙwararriyar nas za ta ba da allura ta robar wuyan nan. Ba zobe, ba agogo, farce a yanke, hannun riga a naɗe har gwiwar hannu. Ta matsa sanitaiza a tafi ta murza: tafi da tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa da aka fi mantawa, sannan kan yatsu a cikin tafi. Daƙiƙa 20 zuwa 30 ke nan, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. In hannun ya ɓaci da jini ko kashi, sai ruwa da sabulu.

Sai ta ɗauki auduga mai chlorhexidine, sinadarin kashe ƙwayoyi, ta kama bakin robar tana murzawa da ƙarfi kamar mai matse lemo, daƙiƙa 15 cur. Daga nan ta tsaya. Wannan tsayuwa ce ta fi burge ni. Na'ura na kuka a gado na gaba, amma ba ta hura, ba ta fifita, sai ya bushe da kansa, domin a lokacin bushewar ne sinadarin ke gama aikinsa. Mai kasala shafa ɗaya yake yi ya cusa sirinji, ya tura ƙwayar cikin jini da hannunsa, kwana biyu sai zazzaɓi.

Kowace safiya kuma ana tambaya a bakin gado: robar nan, har yanzu ana bukatarta? In a'a, a cire ta yau. Da 'yan matakai irin waɗannan ne asibitocin jihar Michigan ta Amurka suka rage cutar jini ta robar jijiya da kusan kashi biyu cikin uku, a binciken Peter Pronovost na 2006.

In zazzaɓin ya zo duk da haka, jini ake fara ɗiba kafin ɗigon magani ya shiga, don a shuka shi a ɗakin gwaji a ga wace ƙwaya ce, wane magani take ji. In mai taurin kai ce, a keɓe yaron, da nas ɗinsa, da ma'aunin zafinsa. Ita kuma ta cire safar hannu a bakin gadon, ta sake murza sanitaiza kafin ta taɓa ƙofa.