Daga Jacksonville zuwa Donington: me ya haɗa masoya rok na Kudu da 'yan metal?

Akwai wani kamfanin faifai a birnin Nottingham na Ingila mai suna Earache. Da kiɗa mafi tsauri ya yi suna, irin na ƙungiyar Napalm Death, wadda wata waƙarta kan ƙare tun mutum bai gama gyara zama ba. Sai ga wannan kamfani ya ɗauki Blackberry Smoke, 'yan Atlanta ta jihar Jojiya, yana sayar da faifansu a Turai. Su kuwa kiɗansu rok ne na kudancin ƙasar Amurka, wanda ake kira southern rock, mai taushi da fiyano, har faifansu na 2015 ya hau saman jadawalin kiɗan country na mujallar Billboard. Wanda bai san kasuwar ba zai ce kamfanin ya yi ɓatan kai. Ni a ganina lissafi suka yi. Sun san cewa cikin masu sayen faifan heavy metal akwai ɗimbin waɗanda ke da faifan Lynyrd Skynyrd, ƙungiyar rok ta Kudu, a ajiye a ɗaki.

Abin ba yau ya fara ba. Bikin Monsters of Rock da aka riƙa yi a Donington shi ne babban taron 'yan metal na Birtaniya a shekarun 1980, amma a 1981 ƙungiyar Blackfoot ta Jacksonville ta hau dandamalinsa a ranar da AC/DC ta rufe taro. A 1985 kuwa ZZ Top ta Teksas ce ta rufe, Metallica tana cikin waɗanda suka share mata fage. Molly Hatchet, su ma 'yan Jacksonville, zanen Frank Frazetta suka sa a bangon faifansu na farko a 1978: wani mayaƙi bisa doki, riƙe da gatari. Duk wanda ya ga bangon a kanti zai rantse metal ne a ciki.

To me ya kawo haka? Amsar da na gamsu da ita tana cikin kiɗan kansa. Uwarsu ɗaya, uba ne kowa da nasa, uwar kuwa ita ce blues, kiɗan baƙaƙen fatan Kudancin Amurka, jikokin bayi. Black Sabbath, wadda kusan kowa ya yarda ita ce ta buɗe ƙofar metal da faifanta na farko a 1970, da blues ta fara a gidajen rawa na Birmingham. Mai jitarta, Tony Iommi, inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe yana saurayi. Daga baya ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa don su yi masa sauƙin dannawa, amon ya sauko ƙasa, ya yi kauri da duhu. A daidai wannan lokaci, can a Macon ta Jojiya, Allman Brothers Band, wadda aka kafa a 1969, tana ɗaukar tsofaffin waƙoƙin blues tana miƙar da su. Faifansu na At Fillmore East na 1971 da waƙar Blind Willie McTell ya buɗe. Ƙungiya ɗaya ta ƙara wa blues nauyi, ɗayar ta ƙara masa tsawo, amma kunnen da ya saba da ɗaya ba ya shan wahalar karɓar ɗayan.

Sai kuma maganar jita. A duka gidajen biyu mai jita ne sarki, mawaƙi yakan koma gefe ya jira. Lynyrd Skynyrd jita uku take jerawa a gaba, kuma rabin ƙarshe na "Free Bird" babu baiti ko ɗaya, jitoci ne kawai ke tsere da juna na tsawon mintuna. Matashin da ya tashi yana sauraron Iron Maiden, inda jita biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, idan ya ji Duane Allman da Dickey Betts na Allman Brothers suna yin haka tun shekaru goma kafin nan, ba sai an yi masa bayani ba.

Akwai kuma zancen su waye masu sauraron. Birmingham ta Sabbath garin masana'antu ne. Unguwar da 'yan Skynyrd suka tashi a yammacin Jacksonville ta masu ƙaramin ƙarfi ce. Duka kiɗan biyu na 'yan ƙwadago ne, makanikai da direbobin manyan motoci da masu aikin gini, kuma duka biyun sun sha raini daga masu sharhin jaridun manyan birane, waɗanda ke ganin ɗaya kiɗan ƙauyawa ne, ɗayan kuma hayaniyar yara. Wanda aka rena tare da kai, ko ba ku san juna ba, akwai zumunci. Har baƙin cikinsu iri ɗaya ne. Duane Allman ya mutu a hatsarin babur a 1971. Jirgin Skynyrd ya faɗi a Mississippi a Oktoban 1977, mawaƙinsu Ronnie Van Zant na cikin waɗanda suka rasu. Cliff Burton na Metallica, wanda aka san shi da son Skynyrd, hatsarin bas ya kashe shi a Suwidin a 1986.

Sai dai kada a ɗauka duk metal ne ke da wannan dangantaka. Nan ne nake rabuwa da masu cewa kiɗan biyu abu ɗaya ne. Tun daga Judas Priest wani reshe na metal ya fara wanke blues daga jikinsa, ya koma ga sauri da tsauri. Slayer ba ta da rangaji ko kaɗan, balle baƙin metal na ƙasar Norway, wanda sanyi da ƙiyayya yake nema da gangan. Mai son waɗannan zalla ba lalle ya iya zama ya ji Allman suna jan waƙa ɗaya minti ashirin ba. Inda aka haɗu shi ne ɓangaren metal mai tafiyar hawainiya, mai nauyi, wanda har yanzu ana iya kaɗa kai da shi.

Wannan ɓangare a shekarun 1990 ya yi ƙarfi, kuma daga Kudun ya fito. Pantera 'yan Arlington ne ta Teksas, faifansu na 1994, Far Beyond Driven, ya shiga jadawalin Billboard a matsayi na ɗaya. Mai jitarsu Dimebag Darrell da yayansa Vinnie Paul a ɗakin naɗar sauti na mahaifinsu suka tashi, shi kuwa uban harkar kiɗan country yake yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ko a cikin kiɗansu mafi zafi, idan Dimebag ya ja tsirkiya, Teksas kake ji. A wannan shekara ta 1994 Corrosion of Conformity ta North Carolina, wadda da pank ta fara, ta fitar da Deliverance, shekara guda bayan nan kuma Down ta New Orleans ta fitar da NOLA. Idan aka ce in nuna faifai ɗaya da Sabbath da Skynyrd suka zauna a tabarma guda, NOLA zan ɗauko. Metallica ma a faifanta na 1998 ta sake rera "Tuesday's Gone" ta Skynyrd, kuma Gary Rossington na Skynyrd da kansa ya buga jita a ciki. Zakk Wylde, wanda ya buga wa Ozzy Osbourne na Black Sabbath jita, ɗan New Jersey ne, ba ɗan Kudu ba, amma son abin ya kai shi har ya tsaya wa Allman Brothers a wasa ɗaya a 1993. Wasa ɗayan ne kuwa, ba a ƙara ba.

Yanzu ga inda abin ke damuna. Ban da amo, akwai wani abu da ya tsallaka daga wancan gida zuwa wannan, wato tutar jihohin Kudu da suka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 don kada a hana su riƙe bayi. Skynyrd ta daɗe tana rataye ta a bayan dandamali. Dimebag ya mallaki jita mai zanenta. Masu kare ta suna cewa alamar gida ce da taurin kai, ba ta ƙin baƙar fata ba, kuma na yarda da yawansu haka suke ji a ransu. Amma tuta ba abin da mai riƙe da ita yake ji kaɗai take faɗa ba, tana faɗin abin da aka yi a ƙarƙashinta. A 2012 Rossington ya ce za su daina amfani da ita, masoya suka yi masa caa, ya ja da baya. A 2015 wani matashi da ya sha ɗaukar hoto da tutar ya harbe baƙaƙen fata 9 a coci a Charleston. A farkon 2016 kuma Phil Anselmo, mawaƙin Pantera da Down, ya yi gaisuwar 'yan Nazi a kan dandamali tare da kirarin fifikon farar fata. Ya nemi gafara daga baya, amma an riga an gani.

Abin da ya sa nake kiran wannan butulci shi ne tarihin kiɗan da kansa. Kafin a san Duane Allman, baƙaƙen mawaƙa yake buga wa jita, irin su Wilson Pickett a Muscle Shoals ta Alabama, da Aretha Franklin. Ɗaya daga cikin makaɗan ganga biyu na Allman Brothers, Jaimoe, baƙar fata ne, a lokacin da tafiya tare a mota ɗaya a Kudu kan jawo wa ƙungiya fitina. Skynyrd ɗin ma tana da waƙa sukutum ta yabon wani tsohon makaɗin blues baƙar fata. Mutum ya ci gadon mutane, sannan ya ɗaga tutar waɗanda suka sayar da kakanninsu, wannan ba taurin kai ba ne, rashin kunya ne.

Wani abin kuma, ƙarami, shi ne yadda haɗin ya zama kayan sayarwa. Yanzu ƙungiyoyi da yawa sun gane cewa gemu da rigar fata da waƙar giya da babur sun isa a samu gurbi a biki. Kayan suna nan, rangajin babu. Ban sa Black Stone Cherry ta Kentucky a wannan sahu ba, ko Mastodon ta Atlanta, wadda tsohon mai jitarta Brent Hinds da banjo ya fara koyon kiɗa, kuma ana jin haka a yatsunsa.

Ga wanda yake son ya gwada da kunnensa, ya fara da At Fillmore East, ya bi da Master of Reality na Black Sabbath, duka na 1971 ne, sannan NOLA. In ya gama, ya nemi Blind Willie McTell da Muddy Waters, don ya san masu gidan.